Tsohuwar mota ba jari ba ce, a daina ruɗin mutane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ake yayatawa, wai tsohuwar mota jari ce: ka saya, ka lulluɓe da tamfol, bayan shekara goma ka kwashi riba. Mai faɗin haka bai taɓa kwanciya ƙarƙashin mota da sifana a hannu ba.

Shekara 17 na yi da Volkswagen Beetle ƙirar 1969, sai watan jiya muka rabu. Irinta sama da miliyan 21 aka ƙera kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a Meziko cikin Yulin 2003. Abin da aka yi da yawa haka, tsufa kaɗai ba ya sa shi tsada. Wadda ake rububi ita ce wadda ƙarfenta bai ruɓe ba, kuma hannu da yawa bai jagwalgwala ta ba.

Lulluɓewar ma ita ke kashe ta. Na taɓa yin jinyar wata takwas ban tashe ta ba. Da na warke, birki ya kame, tsohon fetur ya yi danƙo a kafireto, ɓera ya yi gida a injin ya ci waya. Duk tafiye-tafiyen da muka yi ba su yi mata ɓarnar da zaman nan ya yi ba.

Injinta a baya yake, ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. Saboda haka ranta yana jikin fambel, domin shi ke juya dinamo da fanka. In ya tsinke ka ga jar wuta ta kama ka ce bari in ƙarasa gida, to injin ka soya. Ban taɓa fita ba tare da wani fambel a but ba. Baƙin manta lita 2.5 ne kacal, ba ta da filta sai 'yar rariya, don haka duk kilomita 5,000 nake juyewa. A ranar kuma nake saita bawul, injin na sanyi, tazarar milimita 0.15. Silinda ta uku ta fi sauran ɗaukar zafi a irin injina, ita nake fara dubawa. Aikin safiya ɗaya ne, amma wanda ya yi sakaci da shi zai sauke injin.

Wani abin sai da ya kusa ƙona mu na koya. Batir yana ƙarƙashin kujerar baya. Wata rana na ɗauki wani aboki mai jiki, ya zauna, ƙarfen kujera ya taɓa kan batir, sai ga hayaƙi yana tashi tsakanin ƙafafunsa. Allah ya kiyaye. Tun ranar na sa murfi, kuma na canza duk tiyon fetur, don tsohon tiyo da zafin injin su ke cinye motocin nan da wuta. (Ruwan wanke gilashi ma iskar safaya ke turo shi. Yara sun sha dariya ranar da na nuna musu.)

Gwiwa ce ta sa na sayar. Kuloci ya fara gagarata, kuma ban yarda in bar ta tana ruɓewa a gabana ba. Kafin in neme mai saye na haɗa lissafin abin da na kashe mata, daga littafin da nake rubuta kowane gyara da ranarsa. Ko kusa kuɗin sayarwa bai kamo shi ba. Ban yi mamaki ba, kuma ban yi da-na-sani ba, na ci moriyarta.

Mutum biyu suka zo da gaske. Na farko ya zagaya ta, ya shafa fenti, ya ɗauki hoto, ya yi tayi mai kyau, ya ce zai cire injin ya ajiye ta ado a ƙofar wurin kasuwancinsa. Na biyu matashi ne, bai ko kalli fenti ba. Ya ɗaga kujerar baya ya gwada lambar shasi da ta takarda, ya ɗaga darduma ya ƙwanƙwasa ƙasan motar, ya bi gefen ƙofofi da maganaɗisu yana neman inda aka cika da foti. Ya samu wuri ɗaya, bayan tayar hagu, wanda da ma na yi niyyar nuna masa. Na ƙara masa da cewa giya ta biyu tana ƙara in an yi gaggawa, injin kuma yana ɗan ɗigar mai. Tayinsa bai kai na farkon ba. Shi na ba.

Na haɗa masa da littafin, da fambel biyu, da abin auna bawul. Shekaranjiya ya kira ni, wai ta ƙi tashi da safe. Na ce, ɗana, ka taka totur sau ɗaya ka saki kafin ka murɗa makulli. Ina riƙe da waya na ji ta kama.

Naka,
Wani mai karatu