Wasiƙar Zangon Karatu Na Biyu: Mu Gyara Zukatan Yara Kafin Ista

Iyayenmu da masu riƙon yara, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, sannunku da ƙoƙari da hidimar yara.

Ruwa ya fara sauka a Kumasi, mun kuma shiga azumin kwana 40 kafin Ista, shi ya sa tun farkon watan nan a asambili na safe muke ta juya misalin mai shuka, wanda ke Matiyu 13, Markus 4 da Luka 8. Iri ɗaya ne, mai shuka ɗaya ne, ƙasar ce ta bambanta. 'Yan aji 5 sun gani da idonsu a lambun bayan makaranta, masarar da suka zuba kusa da hanyar da kowa ke takawa zuwa famfo ko kwana ba ta yi ba kajin unguwa suka tsince ta tas, wadda ta faɗa inda aka sassabe aka zuba taki kuwa har ta fitar da ganye.

Abin da ya fi damuna a misalin shi ne irin da ya faɗa cikin ƙaya. Yesu ya ce damuwar duniya da ruɗin dukiya su ne ƙayar da ke shaƙe Maganar Allah, to ku dubi gidajenmu a Aboabo da Asawase, uwa ta fita tun duhun asuba zuwa kasuwar Kejetia, uba yana kan trotro (motar haya) ko aboboyaa (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) sai dare, yaro ya dawo ba mai tambayarsa me ya ji yau, sai waya da TikTok har barci ya kwashe shi, ayar da ya haddace da safe kafin gari ya waye ta bi iska. Ba laifinku nake gani ba, neman halal ne kuma na san yadda kudin makaranta ke fita, amma minti 20 ɗin da muke da su da safe ba za su isa ba in gida bai taimaka ba.

Roƙona kaɗan ne. Bayan tuwon dare a kashe talabijin, a kife waya (har taku, iyaye) ko na minti 10, a ce yaro ya ba da labarin da ya ji da bakinsa, ko ya kwaɓa a bar shi ya kai ƙarshe tukuna, sannan a yi addu'a tare. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu har a waya ana samunsa, wanda Twi ko Turanci ya fi masa sauƙi ya karanta da shi.

Sai maganar tsawa. Yaron da kullum ihu da zagi yake sha kunnensa toshewa yake, muna ganinsu a aji, ka kira sunansa sai ya sunkuyar da kai yana jiran duka, irin wannan ko wa'azi ake yi sai ya ɗauka faɗa ne. Yakubu 1:19 ta ce kowa ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana da jinkirin fushi, mu manya ya kamata mu fara, malamai ma na gaya masu haka a mitin. Ku tuna da yaro Sama'ila a 1 Sama'ila 3, sau 3 yana tashi da dare yana ruga wurin firist Eli don bai gane muryar Ubangiji ba, tsohon bai kore shi da faɗa ba, shi ya koya masa ya ce, ya Ubangiji ka yi magana, bawanka yana ji. Yaranmu suna bukatar babba irin wannan a gida, ko kaka ce ko goggo ko kawu.

Iyayenmu Musulmi da kuka ba mu amanar 'ya'yanku, mun gode ƙwarai, tarbiyya da sauraron na gaba abu ne da dukanmu muke nema, ƙofar ofis a buɗe take ga mai tambaya.

Mitin na PTA ranar Asabar mai zuwa ne ƙarfe 9 na safe, don Allah a zo da wuri. 'Yan JHS 3 masu shirin BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, za su riƙa tashi daga makaranta ƙarfe 4 na yamma, a ƙara masu kudin abinci. Mai tsohuwar fartanya ko bokitin ban ruwa ya aiko mana saboda lambun.

Allah ya raya mana su.
Shugabar makaranta