Zuwa ga Uwata, kan darussan share fagen shiga jami'a

Maraɗi, daren Lahadi

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da gwaggonki da yaran gida baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya zauna sosai, hatsi ya wuce gwiwa, ƙannenki kuma kullum sai sun tambayi ranar dawowarki.

Maganar da muka fara ta waya ce ban so a ƙarasa ta a tsaitsaye ba, shi ya sa na zauna na rubuto miki. Kin ce kin gaji, kin kuma ce bak ɗinki, jarrabawar ƙarshen lise, da mansiyon kika ci, wato da yabo, darussan share fage kuwa an yi su ne don waɗanda suka haye da ƙyar. Gajiya kam na yarda da ita, don na ga irin daren da kika raba a shekarar taminal, kuma kin cancanci hutunki na Tasawa. Magana ta biyun ce ban yarda da ita ba, ko kaɗan.

Ki fara sanin abin da aka shirya. Wasu malamai ne da tsofaffin ɗaliban unguwarmu da suka yi nisa a karatun kimiyya suka haɗa kai, za su yi makonni shida da yaran da suka ci bak na seri C da D da E, kafin a buɗe jami'a. Da safe lissafi da fizik da shimi, da la'asar aikin labo da kwamfuta. Ba maimaicin lise ba ne. Na ga takardar darussan da idona, rabinta abin da za ki tarar ne a watanninki na farko a fakilte.

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi sun nuna mini abu guda da har yau yake damuna. Yaran da jami'a ta fi girgizawa a samestir na farko sau da yawa su ne waɗanda suka saba zuwa na ɗaya. A lise malami ya san sunanki, ya san rubutunki, in kin yi fashi ya aiko gida. Yana ba ki ƙa'ida, ya yi misali uku a allo, ya ba ki na huɗu mai kama da su, ki yi, ki ci. Mai kaifin hadda irinki sai ya yi ta tashi sama. A amfi kuwa, babban ɗakin lacca na jami'a, kuna ɗaruruwa, malami ya shigo ya cika allo, ya goge, ya sake cikawa, ya fita. Ba zai tambayi wanda bai gane ba. Kuma tambayar kanta ta sauya. Yanzu in na ce miki ki ba ni deribe na x², wato saurin da yake canjawa da shi, kafin in rufe baki kin ce 2x. Can za a ce ki nuna dalilin da ya sa haka ne, daga ma'anar limit, da ɗan harafin nan epsilon da ba ki taɓa aiki da shi ba. Za a ce ki tabbatar da cewa rasin na 2, wato lambar da in aka ninka ta da kanta take ba da 2, ba ya rubutuwa a matsayin lamba bisa lamba. Babu ƙa'idar da za ki haddace ta fid da ke, sai dai ki zauna ki gina hujja layi bayan layi. Wannan salon tunani koyonsa ake yi, kuma ya fi sauƙin koyo a ɗaki mai mutum talatin inda za ki ɗaga hannu, da a ce ranar farko da za ki gamu da shi ita ce ranar da aka fara ƙidaya miki maki.

Akwai wani yaro da na koyar, ba zan faɗi sunansa ba don kin san gidansu. Tun daga aji na farko ba wanda ya taɓa shan gabansa. Ya tafi jami'a, sakamakon farko ya fito ya ga abin da bai taɓa gani ba a takardarsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya daina zama da abokai don kada su gane, ya rufe kansa a ɗaki yana ninka hadda, wato yana ƙara irin maganin da bai yi aiki ba. Sai da shekara ta ƙare mahaifinsa ya ji. Yaron nan ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, Uwata. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wasan ya sauya, shi kuma girman kai na mai zuwa na ɗaya a aji ya hana shi tambaya.

Ki duba yadda tsarin yake. Jami'o'inmu, har da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maraɗi da aka kafa a 2010, suna bin tsarin LMD, wato lisansi, masta da dokta. Lisansi shekara uku ce, samestir shida, kowane samestir kiredi 30, wato ma'aunin yawan aikin karatu, jimla 180. A cikin lissafin kiredin nan an haɗa har da awoyin da ɗalibi zai yi aiki shi kaɗai, ba zaman aji kawai ba. Ma'ana tun daga tushe an ɗauka cewa wani babban kaso na karatun ke za ki yi wa kanki shi, ba mai bin ki da bulala. Samestir kuma gajere ne. Wanda ya ɓata wata guda yana neman inda aji yake, da yadda ake rubuta darasi da sauri, da bambancin TD, zaman warware tambayoyi, da TP, zaman aikin labo, kafin ya farga jarrabawa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Manomi ba ya jiran ruwan shuka ya sauka sannan ya fara sharar gona.

Sai maganar labo, wadda ita ta fi sa ni nacewa. Shimin da kika yi a lise kusan duka a allo kika yi shi. Kin iya lissafin dozaj, wato gano yawan sinadarin da ke cikin ruwa, a takarda, amma ba ki taɓa riƙe biret ba. Bututun gilashi ne dogo mai layuka, da ɗan famfo a ƙasa. Ruwan da ke ciki samansa ba a miƙe yake ba, yana lanƙwasawa, kuma daga ƙasan lanƙwasar ake karantawa, idonki daidai da layin, ba daga sama ba. Hannun hagu na kan famfo, na dama na juya kwalbar da ke ƙasa, kina sakin ruwa ɗigo-ɗigo. Ɗigo ɗaya ne tsakanin ruwa garau da ruwan hoda, in hannu ya yi rawa ya wuce, sai a zubar a sake daga farko. Wannan ba a karanta shi, hannu ne ke koyo. Haka auna kaurin ƙarfe, haka haɗa waya a auna wuta ba tare da an ƙone na'ura ba. Ranar TP ta farko a jami'a kuna da yawa, kayan aiki kaɗan, kuma na sha ganin yadda ake yi: samari su yi caraf su kama kayan, a miƙa wa yarinya biro a ce ta riƙa rubuta sakamako. In kin riga kin saba da kayan, ba wanda zai mayar da ke magatakarda. Injiniya kike so ki zama, to hannunki ya taɓa.

Za su kuma matsa muku kan rubuta ma'auni a bayan kowace lamba, abin da nake ta faɗa da ke a kai tun kina koleji. Kada ki raina shi. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars, saboda ɓangare ɗaya na ma'aikatan ya yi lissafi da ma'aunin fam na Turawan Ingila, ɗayan kuma ya ɗauka da niyuton, wani ma'aunin ƙarfi daban, aka yi. Manyan injiniyoyi ke nan.

Da kika ce na marasa ƙoƙari ne, sai na tuna abin da ya faru a Jami'ar Berkeley ta Amurka wajen tsakiyar shekarun 1970. Wani malamin lissafi, Uri Treisman, ya lura ɗalibai baƙar fata, waɗanda suka zo da sakamako mai kyau daga makarantunsu, suna faɗuwa lissafin shekarar farko, ɗalibai ƴan asalin Sin kuwa suna ci. Maimakon ya yi zato, sai ya bi su ya ga yadda kowa ke karatu. Ya tarar na farkon suna aiki tuƙuru, amma kowa shi kaɗai a ɗakinsa. Na biyun sukan yi nasu su kaɗai, sannan su haɗu da yamma, su ci abinci tare, su baje takardu, wannan ya kama kuskuren wancan, su tambayi juna yadda aka yi aka samo amsa. Da ya buɗe zaman aiki na rukuni, bai kira shi ajin taimakon raunana ba, tambayoyi masu wuya fiye da na aji ya riƙa ba su, sakamakon yaran kuma ya tashi. Haka shirin Meyerhoff da aka kafa a 1988 a wata jami'a ta jihar Maryland: zaɓaɓɓun ɗalibai masu hazaƙa ake ɗauka, amma duk da haka sai kowannensu ya yi makonni shida na share fage a lokacin hutu kafin ya fara shekarar farko. Ko nan maƙwabta, kin san ƴaƴan kawunki na Katsina da suka bi ta makarantar share fage ta Funtuwa kafin su shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ba wanda ya ce musu daƙiƙai.

Abin da nake so ki samo a makonnin nan, fiye da darasin kansa, shi ne mutum uku ko huɗu da za ku riƙa zama tare. Ki zaɓe su da ido buɗe. Ba sai ƙawayenki na hira ba. Ki nemi wadda in kin yi kuskure za ta ce miki kin yi, da wadda ba ta jin nauyin cewa ban gane ba a sake. Ki haɗa da wadda ta fi ki a fizik, don na san nan ne ƙafarki ba ta kafu sosai ba, ke kuma ki riƙe ta a lissafi. Kowa ya fara gwada aikin shi kaɗai kafin ku haɗu, in ba haka ba zaman ya koma kwafe. Kuma ki riƙa bayyana wa wasu abin da kika gane da bakinki, a nan ne za ki san ko kin gane ɗin da gaske.

Na san tarbiyyar da muka ba ki. Mun koya miki sunkuyar da kai gaban manya da rage murya, kuma ina alfahari da kunyarki. Amma tambayar malami a kan darasi ba rashin kunya ba ce, hakkinki ne, shi kuma aikinsa ke nan. Matambayi ba ya ɓata. Ki gaishe shi da ladabi, ki nuna masa inda kika tsaya da abin da kika riga kika gwada, a wurin aiki da lokacin aiki, ke da abokiyar karatunki. Ɗaliban mastar nan da za su koyar da ku su ma taska ne. Su suka san malamin da ke bin polikopi, bugaggen darasin da ake rabawa, da wanda sai kin rubuta duk abin da ya faɗa, sun san yadda ake cika takardun bursi na ANAB, hukumar da ke ba ɗalibai tallafin karatu, da lokacin da ake ajiye su, sun san abin da ake yi in karatu ya tsaya na wasu makonni don kada kai ya yi sanyi. Ni ban isa in ba ki wannan ba, zamanina daban ne.

Wayarki kuma, zan faɗa sau ɗaya in bari. Yanzu akwai manhajojin da za ki ɗauki hoton tambaya su ba ki amsa cikin ƙiftawar ido. Ki yi amfani da su wajen duba aikin da kika gama, ko neman wani bayani in na malami bai shige ki ba. In kika bari suka riƙa yi miki tunanin, ranar jarrabawa ke da farar takarda ne kawai. Kwamfuta dai ki dage mata, ki koyi jera sakamakon awo a tebur da zana shi, ki fara taɓa rubuta ƙananan shirye-shirye in sun nuna muku.

Tunda kina Tasawa, ki tambayi tsofaffin gidan gwaggonki labarin Abdou Moumouni. A garin nan aka haife shi a 1929, ya yi karatun fizik har ya zama abin ji a Afirka, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasarmu shekaru da dama, tun lokacin da mutane ke ganin dafa ruwa da hasken rana kamar almara. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Yau ki dubi rufin shaguna a kasuwar Maraɗi da famfunan ƙauyuka ki ga faifan sola ko'ina, kuma har yanzu masu iya lissafa girman abin da gida ko rijiya ke buƙata ba su ishe mu ba. Kin ce wutar lantarki kike son karanta, aikin yana nan yana jiran ki.

Na ji abin da wasu dangi ke faɗa, wai damina ce, hannu ake nema a gida, wai kuma ƴa mace ta ci bak ai ya isa. Wannan ki bar mini shi, ni zan amsa musu, kuma na riga na yi magana da baffanki. Innarki ta ce aikin gidan ba zai gagare ta ba, ƙanwarki ta girma. Kuɗin rajista na biya, na kuma ware na kabu-kabu na makonni shidan, ba sai kin taɓa ƴan kuɗin da aka ba ki na barka ba.

Ranar Litinin ta sama za a fara. Ki shigo motar safe ranar Alhamis don ki samu kwana biyu ki huta, yayanki zai tare ki a tasha. Ki taho da littattafanki na lissafi da fizik na taminal da kika tafi da su, da kalkuletarki, da hotuna huɗu ƙanana don takardun rajista. Ki gaishe mini da gwaggonki da maigidanta, ki ce mata na gode da riƙo, kuma saƙon man gyaɗarta ya iso.

Allah Ya yi miki albarka, Ya kawo ki lafiya.

Babanki