Zuwa ga ɗana, kan maganar motar nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyali.

A bakin Yayarka na ji wai ka sa motar a kasuwa, har ka ɗora hotonta a Facebook da lambar wayarka. Kai ba ka ga damar faɗa mini ba, to shi ke nan. Ban hana ka sayarwa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na san 406 ɗin nan ta fi ƙarfin albashinka, ga kuɗin haya ya kawo jiki.

Ciniki ba wuya gare shi ba in ka iya bakinka. Kar wani ya ji kana cikin matsi. Bari mai saye ya taya. In tayin bai kai ba ka ce albarka, ka ja bakinka ka yi shiru. Wanda ka ga yana zagaya mota, yana ƙwanƙwasa bodi yana kushe fenti, so yake yi. In dillali ya shigo, a yanke la'adarsa tun kafin a sallama. Kuma ka faɗi gaskiya cewa an taɓa sauke injin, kuloci ma ya kusa. Ɓoye aibi yana share albarkar ciniki, ka sha jin hadisin a makarantar dare.

Duk ba wannan ya hana ni barci ba. An ce wani ya kira ka, bai ga mota ba, bai nemi ragin ko sisi ba, ya ce ya saya, ka kai masa ita wajen unguwar Ɗan Magaji da ke gefen Zariya bayan magariba. Kai kuma har da murna! Wane irin mai saye ne wannan? Mutumin da ba ka san ubansa ba, ba ka san unguwarsu ba, ya ce zai ɗana mota, ka miƙa masa makulli ka koma gefe, abokansa biyu a bayanka, a miƙi hanyar Kaduna cikin duhu. In mota kaɗai suka ɗauka ai mun gode Allah. In da kai suka haɗa fa, me zan sayar in fanso ka? Me zan ce wa mahaifiyarka? Ka ajiye gemu da 'ya'ya, amma har yanzu duk wanda ya yi maka murya mai daɗi a waya ya zama mutumin kirki. Za ka ce na fara takurar da na saba, kamar shekarar da na ƙwace makullin babur ɗinka. Ban yi nadamar wancan ba, ba kuma zan yi ta wannan ba.

Ka kawo motar nan ƙofar gida Tudun Wada. Mai so ya zo da rana tsaka, ya taho da bakanikensa, Kawunka zai shiga da su gwaji. Kar ka yarda da alat, na bogi sun yi yawa. Ku je banki tare ka ga kuɗi sun zauna. A rubuta yarjejeniya da lambar inji da ta shasi, shaidu biyu su sa hannu, a karɓi kwafin katin shaidarsa, a yi canjin suna nan take, don takardun har yau da sunana suke.

Na san ƙoƙarin rufin asiri kake yi, Allah ya yi maka albarka. In mai gidan haya ya matsa kafin mota ta shiga, ka yi magana, ba za a rasa abin ba shi haƙuri ba. Mahaifiyarka ta ce ka taho da yaran ranar Juma'a.

Mahaifinka.