Wasiƙa ga ɗana mai shirin tafiya bakin teku

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso cewa kai da abokanka kun tsayar da ranar tafiya yawon buɗe ido a gaɓar teku. Na yi farin ciki. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma teku tana cikin abubuwan da labari ba ya wadatarwa a kansu, sai ido ya gani. Abin da nake so ka riƙe shi ne, teku tana da lokacinta, kuma daɗin wurin da haɗarinsa duk a kan lokacin nan suke rataye.

Kafin ka nemi wurin ɗaukar hoto, nemi jadawalin cikowar ruwa da janyewarsa. Za ka same shi a intanet, ko a manne a tashar jiragen ruwa, masunta kuwa a ka suke da shi. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan ciko sau biyu a kwana ɗaya, ya janye sau biyu, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya ne babban dalili, rana ma tana da nata kason. Shi ya sa kullum lokacin yake jinkirta da kusan minti 50, wanda ya gaya maka "mun tsallaka da hantsi a makon jiya" bai yi ƙarya ba, amma hantsinsa ba naka ba ne. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, ruwan yakan fi cikowa, ya kuma fi janyewa. Wuri ma ya bambanta da wuri: a mashigin Fundy na ƙasar Kanada ruwa yakan hau har mita 16, a mafi yawan gaɓar Bahar Rum kuwa da ƙyar za ka lura ya motsa. Don haka ka tambayi mutanen wurin, matambayi ba ya ɓata.

In ka san jadawalin, ka sami mafi kyawun yawon da gaɓa ke bayarwa kyauta. Ka fita kamar awa ɗaya kafin ruwa ya gama janyewa, ka bi duwatsun da ya bari a fili. A cikin ramukansu ruwa yakan kwanta, ciki da ƙaguwa, da ƙananan kifaye, da katantanwa iri-iri, da halittun da ba ka taɓa gani ba. Ka durƙusa ka yi shiru, sai su fito. Duk dutsen da ka ɗaga ka mayar da shi yadda ka same shi, gidan wani ne. Ka sa takalmi mai riƙe ƙasa, don gansakuka tana da santsi. Sai dai idonka ya riƙa komawa baya. Ruwa in zai dawo ba lallai ya fuskanto ka ba, yakan fara cika kwarin da ke tsakaninka da tudu, mutum yana tsaye a kan busasshen yashi bai san an zagaye shi ba. Lungunan da ke ƙarƙashin tsaunuka sun fi muni, domin babu wurin hawa.

Tsaunukan kuwa ka hau su ta hanyar da aka shata, musamman da sassafe ko gab da faɗuwar rana. Mai tsaye a bakin ruwa ganinsa ba ya wuce kusan kilomita 5, amma daga sama sai tsibirai da jiragen da ke nesa su bayyana. In akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ake barin baƙi su hau, kada ta wuce ka. Bakin tsaunin ne kawai ban yarda da shi ba. Igiyar ruwa tana cin gindinsa shekara da shekaru, ciyawar da kake gani a sama wani lokaci babu komai a ƙarƙashinta. Hoton da za a ɗauka taku biyar baya da baki, shi ma hoto ne.

Yanzu maganar iyo, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Na san ka iya ninƙaya, amma a ruwan da ke tsaye ka koya. Igiyoyin da ke bugun gaɓa suna tara ruwa, ruwan nan kuma dole ya koma, sai ya sami wata 'yar siririyar hanya ya bi ta da gudu zuwa cikin teku. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne, daidai wurin nan ne ya fi kama da kwanciyar hankali: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya fi duhu, ga shi lumui tsakanin fararen kumfa biyu. Wanda bai sani ba nan zai zaɓa. In wannan hanyar ruwan ta ɗauke ka, Allah ya kiyaye, kada ka yi kokawa da ita kana neman komawa gaɓa kai tsaye, wani lokaci ko gwanin iyo ba ya cin ta, gajiya ce ke kashe mutane. Ba ƙasa take jan mutum ba, nesa take kai shi, kuma ba ta da faɗi sosai. Ka kwanta rigingine ka numfasa, ka ɗaga hannu ka yi kira, in kana da ƙarfi ka yi iyo a gicciye, gaɓa tana gefenka, har ka fita daga cikinta. In abokinka ta ɗauka, ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa ka kira masu ceto. Da yawa masu faɗawa ceton wani su ne ba sa dawowa. Mafi sauƙi dai, ku yi wanka inda masu ceto ke gadi. A ƙasashe da dama tutoci masu ja da rawaya ne ke nuna wurin, jar tuta zalla kuwa tana nufin kada kowa ya shiga. Ranar da iska ke busowa daga tudu zuwa teku, ku ajiye robobin iyon nan da ake hura wa iska, kada ta tura ku can cikin teku.

Iskar gaɓa mai sanyi takan sa mutum ya manta da rana, alhali yashi da ruwa suna mayar da haskenta a jiki. Kada wani ya ce maka baƙar fata ba ta ƙonewa. Hula, tabarau, man kariya daga rana, da inuwa in rana ta take. Ka ɗauki ruwan sha da yawa, na teku gishirinsa ya kai kusan giram 35 a kowace lita, ƙishi yake ƙarawa.

Yawon kwale-kwale yana da daɗi, ko cikin dazukan da ke tsiro a ruwan gishiri inda kifaye ke renon 'ya'yansu, ko can waje inda ake ganin dabbar dolfin in an dace. Sharaɗina ɗaya: rigar ceto ga kowa, a ɗaure a jiki tun kafin a tashi. Matuƙin da ya ce babu, ko ya cika jirgi fiye da kima, ku bar masa kayansa ko da kun biya. In zuciyarka ta fara tashi, ka bar kallon waya, ka zuba ido can inda sama ta haɗu da ruwa.

In gaɓar tana cikin waɗanda kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai da dare, ku bi mai jagora, ku kashe fitila. 'Ya'yan in sun ƙyanƙyashe hasken da ke kan ruwa suke bi, fitilar mutane sai ta karkatar da su zuwa tudu. Murjani ma, wanda ke girma a cikin ruwan teku kamar dutse, da rai yake, kada a taka, kada a ɓalle.

Abu na ƙarshe da wuya ka gamu da shi, amma ka san shi. In ƙasa ta girgiza, ko ka ga teku ta janye farat ɗaya ba a lokacinta ba, ka gudu tudu nan take. Ranar 26 ga Disamba 2004, a gaɓoɓin tekun Indiya, akwai waɗanda suka bi ruwan da ya janye suna kallon kifaye, ambaliyar tsunami ta dawo, mutane sama da 200,000 suka rasu a ƙasashe da dama.

Kullum za ku fita, ku gaya wa wani a masaukinku inda kuka nufa da lokacin da za ku dawo, kuma ka ajiye lambar masu agajin gaggawa ta wurin a wayarka tun ranar da ka sauka. Ka gaishe da abokan tafiyarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.