Zuwa ga aminina, kafin in fara karatun injiniya

Aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da su Umma. Na san shirun ya yi yawa, kuma laifin nawa ne, amma ka ji albishir tukuna kafin ka yi mini faɗa: jami'a ta ba ni gurbi a sashen injiniyan lantarki, saura mako 6 mu fara.

Murnar ba ta wuce kwana biyu ba. Da na duba kwasa-kwasan shekarar farko, sai na ga lissafi da fiziks da ilimin sinadarai da zanen injiniya ne suka cinye ta, na'urorin da nake ɗokin taɓawa kuwa sai can gaba. Na ɗauko tsohon littafinmu, wanda ka ɓarar wa tawada a bango, na soma bitar kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, daga tushe, kuma a nan asirina ya tonu. Ashe hadda kawai na yi ta yi. Ina iya rubuta dokar Ohm, wadda ke bayanin yadda wutar lantarki ke bi ta waya, ido rufe, amma da zarar an sauya wa tambaya fasali, sai in zura wa takarda ido kamar ban taɓa shiga aji ba.

Shekaranjiya na raba dare a kan tambaya guda game da wayar jan ƙarfe. Amsata ta saɓa wa ta littafi har ninki miliyan, na bi lissafin layi-layi sau huɗu ban ga inda na kauce ba, sai gab da asuba na lura cewa na bar kaurin wayar a murabba'in milimita, ban mayar da shi murabba'in mita ba. Na so in ce ƙaramin kuskure ne, sai na tuna kumbon da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta aika duniyar Mars ya salwanta a 1999, saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗayan rukunin kuma ya ɗauka da ma'aunin Newton aka yi. Yanzu ba na rubuta lamba sai da ma'auninta a gefe, ko da hakan zai ci mini lokaci.

Kada ma ka yi dariya, kai da ka kwance rediyon yayanka ka ɗaure, sukurori uku suka yi saura a tafin hannunka. Har yau idan mun haɗu sai ya tayar da maganar.

Baba ya fi son in karanci gine-gine, domin a cewarsa gada ana ganinta da ido, lantarki kuwa sai ya ja mutum ake sanin yana nan. Ya haƙura dai, amma bai daina gwada ni da wannan maganar ba.

Tunda ka riga ni shekara guda, ka gaya mini gaskiya: in ci gaba da kalkulas, ko in raba makonnin nan in fara koyon rubuta manhajar kwamfuta? Kuma idan littafinka na zane yana nan, kada ka bayar da shi.

Ka gaishe mini da Umma.

Naka,
Amininka