Wasiƙa zuwa ga 'yata kan kiɗan da ta ara

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta ba ni labarin bidiyon nan da kika daɗe kina haɗawa, aka sauke shi daga intanet saboda kiɗan da kika sa a ƙarƙashin muryarki. Ta ce abin da ya fi ƙona miki rai shi ne kin rubuta sunan mai kiɗan ɓaro-ɓaro a ƙasan bidiyon, to ina laifinki? Na so in kira ki, sai na tuna a waya katse ni za ki yi tun ban kai rabi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Laifin yana nan daidai wurin da kike ganin kin wanke kanki. Ambaton suna daban, izini daban. Wanda ya ɗauki aikin wani ya ce nasa ne ya yi ƙarya, kuma ambaton suna maganin wannan ƙaryar ne kawai. Dokar haƙƙin mallaka wata tambaya take yi: mai abin ya yarda? Mutumin da ya tuƙa motar maƙwabcinsa ba da saninsa ba, ya liƙa takarda a gilashi cewa motar wane ce, bai fita ba. Hasali ma shaida ya rubuta a kansa.

Ba gori nake yi miki ba, don ni ma na taɓa faɗawa. Ina sabon shiga aikin ɗab'i na ga wani hoto a tsohuwar mujalla, ya burge ni, na sa shi a bangon littafi har da sunan wanda ya ɗauka, ina ganin na kyauta masa. Sai ga wasiƙar lauyansa. Da hannuna na zauna ina yage bangon littattafan da aka riga aka ɗinke, ɗaya bayan ɗaya, masu injin suna kallona ba wanda ya ce uffan. Shirun nan nasu ya fi mini faɗan maigida ciwo.

Ita wannan doka tsohuwa ce. A 1710 aka kafa ta a Ingila, zamanin Sarauniya Anne, aka ba marubuci shekara 14 a kan sabon littafinsa, in yana raye a ƙara masa wasu 14. A 1886 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na Suwizalan cewa kowace za ta kare aikin 'yan sauran ƙasashen kamar na 'ya'yanta, yau kuwa ƙasashe sama da 180 ke ciki. Abin da ya shafe ki a cikinta biyu ne. Ba sai mutum ya yi rajista ko ya sa alamar © ba kafin aikinsa ya samu kariya, saboda haka hoton da kika tsinta a intanet ba alamar kowa a jikinsa yana da mai shi. Sannan kariyar tana da tsawon rai: ga yawancin ayyuka aƙalla duk rayuwar mai aikin da shekara 50 bayan mutuwarsa, a Amurka da Tarayyar Turai kuwa 70. Ni dai a ganina an ja abin da yawa, har jikokin da ba su taɓa ganin marubuci ba suna karɓar ladan alƙalaminsa. Amma ra'ayina ba zai tsaya miki a kotu ba.

Kiɗa ya fi komai tarko, domin haƙƙi biyu ne a ɗaure wuri guda. Akwai na wanda ya tsara waƙar da kiɗanta, akwai kuma na wanda ya naɗi sautin, wanda sau da yawa kamfani ne, ba mawaƙin ba. Kina iya samun kiɗan da mai tsara shi ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce, kiɗan ya zama na kowa, ki kaɗa shi da hannunki ba mai tambayarki. Amma faifan da wasu makaɗa suka naɗa bara nasu ne. Kuma ko mawaƙi ya amsa miki da fara'a ya ce ki yi amfani da waƙarsa, mai yiwuwa ya riga ya sa hannu ya miƙa haƙƙin ga kamfani, ya ba ki abin da ba ya hannunsa. Manyan dandali irin su YouTube suna da manhajar da ke sauraron duk abin da aka ɗora tana gwada shi da faifan masu haƙƙi. Ita ba ta karanta godiyar da kika rubuta a ƙasa.

Kada wannan ya sa ki ji an ɗaure miki hannu. Ra'ayi da labarin gaskiya ba mallakin kowa ba ne, yadda mutum ya zuba su ne nasa. Ki karanta littafi goma, ki fahimta, ki faɗa da bakinki, ba wanda ya isa ya hana. An kuma yarda ki tsakuro kaɗan daga aikin da aka wallafa don sharhi ko suka ko koyarwa, a nan ne ambaton suna ya zama wajibi. Dokar Amurka ta 1976 ta sa alƙali ya duba abu huɗu: me aka yi da abin da aka ɗauka, wane irin aiki ne, nawa aka ɗiba, kuma ko ɗibar ta taɓa kasuwar mai shi. Ki lura, alƙali na ce, wato bayan an riga an kai ki ƙara. Zancen nan da 'yan'uwanki masu bidiyo ke yaɗawa cewa daƙiƙa 30 halas ce ba ya cikin wannan dokar. In da kan waƙar kike sharhi, kika sa baiti ɗaya kika warware shi, da kina da ta cewa. Ke kuwa ado kika yi da ita, kayan aro kuma ba ya rufe katara.

Akwai waɗanda suka bayar da izini tun kafin a tambaye su. Tun 2002 ake da lasisin Creative Commons, mai aiki ya sa wa abinsa sharaɗi ya sake shi. Ki karanta haruffan da kyau: BY na nufin a ambaci sunansa, NC kada a nemi kuɗi da shi, ND kada a sauya masa kama, SA kuma duk abin da kika gina a kansa ki sake shi da irin lasisin. In tallace-tallace na kawo miki kuɗi a shafinki, ki bar mai NC ya wuce.

Game da bidiyon da aka sauke, kada ki danna wurin ƙalubalanta cikin fushi, don can ma magana ce ta shari'a, da sunanki za ki sa hannu. Cire kiɗan ki mayar da bidiyon. In zuciyarki ta nace sai wannan kiɗan, nemo wanda haƙƙin ke hannunsa ki rubuta masa: ga abin da kike so, ga inda za ki sa, ga tsawon lokaci, da kuɗi a ciki ko babu. In ya amsa, ki adana amsar a rubuce, da kwanan wata. In ya yi shiru, ba amincewa ya yi ba.

Turo mini sabon in kin gama. Na farkon ma kiɗan ya danne muryarki, da ƙyar na ji rabin abin da kike faɗa. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Mahaifinki