Godiya ga Sashen Wallafa na Gidan Tarihi na Metropolitan da ke New York

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Mu malamai ne masu koyar da zane da sassaƙa. Mun rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin mu gode muku kan MetPublications, rumbun da kuka buɗe a intanet a 2012, inda kuka zuba littattafanku da kundayen baje kolinku, har da waɗanda aka daina bugawa, kuka bar ɗimbinsu kowa ya sauke kyauta. Irin waɗannan littattafai suna da nauyi da tsada, kuma kundin baje koli yakan ɓace daga kasuwa da zarar an rufe bajen. Yau ɗalibin da ke da waya da ɗan data yana iya karanta su shafi bayan shafi.

Abin da ya fi yi mana amfani shi ne kundayen ayyukan zane da sassaƙa na Amurka da ke hannunku. Na zane juzu'i uku ne, an jera su bisa shekarar haihuwar masu zanen: waɗanda aka haifa zuwa 1815, sai 1816 zuwa 1845, sai 1846 zuwa 1864. Na sassaƙa juzu'i biyu ne, sun fito a 1999 da 2001. Wanda ya san wannan tsari ba zai wahala ba. Winslow Homer an haife shi a 1836, don haka juzu'i na biyu za a nufa, John Singer Sargent kuwa na 1856 ne, yana na uku.

Ƙarƙashin kowane aiki kun kawo suna, da shekara, da kayan da aka yi shi da su, da awo, da abin da aka rubuta a jikinsa, da hannayen da ya bi kafin ya iso gare ku, da wuraren da aka taɓa baje shi. Da wannan jeri muke koya wa ɗalibai aiki da hujja. Awo yana zuwa tsayi kafin faɗi, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Mai kallon hoton George Washington, shugaban Amurka na farko, yana ƙetare kogin Delaware a fuskar waya ba zai san girmansa ba sai ya karanta cewa tsayinsa ya haura ƙafa 12, faɗinsa ya haura ƙafa 21. Emanuel Leutze ya zana shi a 1851 a Düsseldorf ta Jamus, kuma akwai na farko da ya riga shi, wanda ruwan bama-bamai ya hallaka a Bremen a 1942. Lambar shigar wanda ke hannunku, wato lambar rajistar da gidan ya ba shi, 97.34 ce, ma'ana ya shigo gidan a 1897. Ɗalibai da yawa sukan ɗauki wannan lamba a matsayin shekarar zanen, sai mu mayar da su ga shafinku.

A ɓangaren tagulla ne ƙwazonku ya fi bayyana, domin nan ne kuskure ya fi yawa. Mutum-mutumin tagulla yana da shekara biyu: ta lokacin da mai sassaƙa ya gina siffar da yumɓu, da ta lokacin da maƙera suka yi zubi. Siffar Diana ta Augustus Saint-Gaudens da ke farfajiyarku an tsara ta a 1892 zuwa 1893, amma zubinta na 1928 ne, alhali shi ya rasu tun 1907. Kun rubuta duka biyun, ba ku ɓoye ba. Haka ma Frederic Remington: mutum-mutumin mahayin doki da ya yi a 1895 an fara zuba shi cikin ƙirar yashi a maƙerar Henry-Bonnard, daga 1900 ya koma Roman Bronze Works inda ake zubin kakin zuma, irin dabarar da maƙeran Ife da Benin suka ƙware a kai ƙarnuka kafin nan. Kaki yana karɓar gyara kafin a rufe shi da ƙasa a narkar, shi ya sa zubi biyu na siffa ɗaya sukan bambanta a gezar doki ko wandon mahayi. Tambarin maƙera da lambar zubi da ke gindin aikin su ne shaida, kuma kundin kirki yana kawo su.

Muna jan hankalin masu karatu kan abu biyu. Tsofaffin juzu'an hotunansu akasari baƙi da fari ne, kuma bincike ya ci gaba bayan buga su, don haka a ɗauki lambar shiga a nemi aikin a shafin gidan domin ganin launi da sabon bayani. Sannan sauke littafi kyauta ba izinin sake buga hotunansa ba ne. Izinin yana kan hotunan da ke ɗauke da alamar OA (Open Access, wato a buɗe ga kowa), waɗanda kuka saki a 2017, kimanin 375,000 a karon farko, kowa ya yi amfani da su ba tare da neman izini ba.

Roƙonmu ɗaya: wasu fayilolin suna da nauyi ga mai raunin intanet. Da za ku samar da marasa nauyi, ko ku rarraba su babi-babi, da ɗalibanmu sun ƙara amfana.

Mun gode wa editoci, da masu bincike, da masu ɗaukar hoto, da waɗanda suka zauna suka ɗauki tsofaffin shafuka ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya saka da alheri.

Naku,
Wasu malaman zane da sassaƙa